Warin Ɗakin Kabewa

Daga ɗakin yarinyar warin ya fara, kuma duk gidan babu wanda ya damu kamar uwar. Ba abin mamaki ba ne, da hanci da harshe take neman abincinta. Ita ce babbar mai girki a ɗakin cin abincin wata masana'anta, inda ma'aikata ke jera layi da faranti idan an tashi hutun rana. Tun da ta kama aikin ainihin sunanta ya ɓace, kowa Kuku yake ce mata, har mijinta idan yana jin tsokana. Mace ce da za ta shiga kicin ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta ce akwai albasar da ta ruɓe a ƙasan buhu, a zazzage kuwa a same ta. To ga shi yau wari ya tare a ɗakin 'yarta tilo, ta yi juyin duniya ta kasa gano inda yake fitowa.

Wari ne mai tsami, mai nauyi, irin wanda ke kama labule ya ƙi saki. Ta wanke zannuwan gado, ta shanya katifa a rana, ta goge ƙasa da magani har tafin hannunta ya yi fari. Da safe sai ka ce ya tafi. Da rana ta take sai ya dawo da ƙarfinsa, ya tare ta tun daga bakin ƙofa.

"Ɓera ne ya mutu a silin," in ji mijinta. Gyaran wutar lantarki yake yi, shi a wurinsa duk matsalar duniya a silin take. Ya hau da tocila ya daɗe yana laluben duhu, ya sauko da yanar gizo a gemu, babu ɓera babu alamarsa.

Amma ba warin ne ya fi hana ta sukuni ba, mai ɗakin ce. Kabewa ake ce wa yarinyar, sunan da kawunta ya laƙa mata tun tana goye saboda kumatunta, ya kuwa bi ta har aji huɗu. Yanzu kumatun sun zube. Siket ɗin makaranta juyawa yake yi a ƙugunta, sai an kama shi da fil. Malamar ajinsu ta kira ta ce yarinya barci take yi a kan tebur, ranar nan kuma jiri ya kwashe ta a filin taro. Da aka kai ta asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, likita ya tambaya ko tana cin abinci.

"Tas take cinye farantinta," in ji Kuku, har da ɗan jin haushi. A ce 'yar mai girki ba ta cin abinci? Kuma ba ƙarya ta yi ba, kullum farantin Kabewa kamar an lashe yake komawa kicin. Abinci yana shiga, yarinya tana ƙarewa, uwar tana kallo ba ta san ta inda za ta kama ba.

Ita kanta Kuku ramewa take yi, amma tata ramar da gangan ce, har alfahari take da ita. Gwiwoyinta ne suka fara ƙorafi, hawan jini ya biyo baya, aka tura ta wurin wata likita mai kula da harkar abinci. Matar ta auna ta, ta sa mata wata manhaja a waya mai lissafa kalori, wato ƙarfin da kowane abinci ke ba jiki, sannan ta rubuta mata adadin da za ta ci a yini.

"Kada ki wuce nan," in ji likitar, ta ɗora yatsa a kan lambar. "Kada kuma ki tsaya nesa da shi. A tsaye kike yini gaban wuta, jikinki yana buƙatar abinsa."

Rabin farko Kuku ta ji, rabin na biyu a ofishin ta baro shi. Ita dai ta ga idan ka wuce adadin wayar ja take nunawa, idan ba ka kai ba kore, kuma iya nisan da ka tsaya iya faɗin koren. Sai wata maƙwabciya ta jefa ta cikin wani zauren waya na mata masu rage ƙiba, wanda wata mai kiran kanta Kyaftin ke jagoranta. Babu wadda ta taɓa ganin Kyaftin ɗin nan, hoton fure ne a shafinta, ƙila ma ta fi su duka cika kujera. Kowace yamma sai kowa ta turo hoton wayarta, wadda ta fi barin saura a yi mata tafi da kirari. Idan wata ta ce jiri take ji, Kyaftin ta ce kitse ne ke narkewa, ta sha ruwan zafi da lemon tsami ta goge haƙora. Cikin ɗan lokaci Kuku ta zama tauraruwar zauren, rabin abin da likita ta rubuta ma ba ta kaiwa.

Matsala ɗaya ce, aikinta. Mai girki ba ta raba abinci sai ta ɗanɗana, kuma tukwanen masana'anta ba ɗaya ba ne ba biyu ba. Ta ɗanɗana miya, ta ɗanɗana shinkafa, ta ji ko nama ya yi laushi, a ƙara gishiri ta sake ji. Duk cokalin da ya wuce maƙogwaronta sai ta shigar a waya, tana kallon koren yana tsukewa kamar ana yankar namanta. Nan ta fito da dabararta. Ta sami gwangwanin madara da aka shanye, ta fasa bakinsa, ta rufe da leda ta ɗaure da roba, ta jefa a aljihun rigar girkinta. Sai ta ɗanɗana, ta juya a harshe, ta juya baya ta tofar a ciki. Abin da ba a haɗiye ba ai ba ya shiga lissafi.

Daga ɗanɗano abin ya zarce. Ta gano za ta iya ɗaukar tsokar kaza ta tauna, ta tsotse daɗin, ta tofar da tuƙar. Haka burodi mai man shanu, haka soyayyen dankali. Kafin a tashi aiki gwangwanin ya yi nauyi, ya yi ɗumi a jikin cinyarta, idan ta sunkuya ta ji abin ciki yana motsi. Ita kanta ba ta iya kallonsa idan za ta zubar, kau da kai take yi ta toshe hanci.

"Kuku, wai me kike kiwo a aljihun nan?" Tsohuwar da ke musu wanke-wanke ce ta tambaya wata rana, hannunta cikin kumfa. "Kullum ina ganin kina ba shi abinci, ban taɓa jin ya yi kuka ba."

"Iya, ki ji da tukwanenki."

"Ina ji da su. Amma don Allah ki riƙa tsayawa ta can idan za ki yi min magana, bakinki ya fara aiko saƙo kafin ki iso."

Sauran ma'aikatan kicin suka ƙunshe dariya. Kuku ta yi tsaki ta wuce, amma maganar ta soke ta, don ta san gaskiya ce. Bakinta wani irin ɗaci yake yi da hamami, ko ta goge sau nawa. Gashinta a mataji yake zama. A gaban murhu tana zufa amma yatsunta sanyi ƙalau. Abu kaɗan ta hau faɗa. Sannan wani ƙyanƙyami ya shige ta wanda ba ta san shi ba a da. Idan ta tsaya tana zuba wa ma'aikata abinci ta hango su suna ci, man miya yana bin haɓa, ana magana da loma a baki, ana suɗe yatsu, sai zuciyarta ta tashi. Ita da ta yi shekaru tana jin daɗin ganin an ci girkinta an nemi ƙari, yanzu kallon awaki take musu.

A gida ma ba ta tsira ba. Mijinta mutum ne mai cin abinci da sauti, da can ba ta ma lura, yanzu kowace tauna tasa a tsakiyar kanta take sauka. Don kada ya dame ta da tambaya, sai ta riƙa zuba nata faranti ta zauna da su a tebur, gwangwanin a kan cinya ƙarƙashin mayafin teburin. Ta kai loma, ta tauna, ta sunkuya kamar za ta gyara takalmi. Shi idonsa na kan wayarsa yana kallon ƙwallo, ko gidan aka ɗaga ba zai sani ba. Ta ɗauka babu mai gani. Ta manta cewa mai shekara tara idonta ya fi kusa da ƙasan tebur.

Akwai ranar da Kabewa ta leƙo wayar ta ce, "Mama, me ya sa kike son kore?"

"Kore yana nufin na yi ƙoƙari."

"Ja fa?"

"Ja na masu kwaɗayi ne," in ji Kuku, ta shafa kanta ta ci gaba da amsa tafin da ake yi mata a zaure.

Ranar da take hutu ta ce yau ko ita ko warin nan. Maigidan ya fita aiki, yarinya tana makaranta. Ta ɗaura rigar girkinta don kada ta ɓata kaya, ta shiga ɗakin ta fara fitar da komai waje, gado, akwatin 'yar tsana, kwandon takalma, littattafai. Ɗaki ya zama wayam, wari yana nan daram. Sai da ta tura ƙofa za ta share bayanta ta ga tsohuwar jakar makarantar Kabewa a rataye, an lulluɓe ta da rigar ruwa. Tana ɗaga rigar wasu ƙananan ƙudaje suka tashi suka yi mata caa a fuska.

Jakar da nauyi. Ta zuge zif ɗin, warin ya buge ta har sai da ta ja da baya. Gwangwanayen madara ne a jere, an tsara su da kyau kamar a kanti, kowanne an rufe bakinsa da leda an ɗaure da robar gashi, wata ruwan hoda, wata mai ɗan malam-buɗe-littafi. Ita ta sayo robobin da hannunta. Wasu ledojin sun kumbura sun yi tsini. Ta ɗauki ɗaya ta cire robar.

Da ma ba ta buɗe ba. Taunannen abinci ne ya dunƙule ya yi toka-toka, saman ya yi gashin funfuna, gefe ruwa ya tsatso rawaya mai yauƙi, tsutsotsi farare suna ta kai da kawo a ciki hankalinsu kwance. Abin takaicin, ta gane girkinta. Ga shinkafar da ta dafa da karas, ga ƙwan da take soya mata da safe, ga burodin da take yanka mata ta cire gefe saboda ba ta son ɓawo. Duk farantan nan da suke komawa kicin tas, ga inda suka kwana.

Da gudu ta kai banɗaki. Ta dafa wurin wanke hannu ta yi ta yunƙurin amai, babu abin da ya fito sai wani ruwa mai ɗaci, don tun safe ruwan zafi da lemon tsami ne kaɗai a cikinta. Hawaye ya cika mata ido, ranta ya ɓaci iya ɓaci. Wace irin ƙazamar yarinya ta haifa? A gidanta, ita da ko cokali ba ta bari ya kwana da maiƙo? Wa ya koya mata wannan ƙazantar? Bari ta dawo, yau sai jikinta ya gaya mata.

Ta sake sunkuyawa don ta kuskure baki, sai wani abu a aljihun rigarta ya bugi jikin tangaran ɗin ya yi ƙara. Ta tsaya. Ta sa hannu ta fito da shi. Nata ne na jiya, ta manta ba ta zubar ba. Madara iri ɗaya, leda iri ɗaya, har yadda ake ninka ledar biyu kafin a ɗaure. Bambancin kawai nata robar baƙa ce. Ta daɗe tana kallonsa, duk ƙyanƙyamin da ta yi wata da watanni tana rabawa mutane ya tattaru ya dawo kanta, ta ji ko fatar jikinta ba ta son taɓawa.

Da Kabewa ta dawo ta tarar da kayan ɗakinta a waje, jakar a buɗe a bakin ƙofa. Ta tsaya cak, ta riƙe igiyar jakar da ke bayanta da hannu biyu.

"Zo nan," in ji uwar. Muryarta ta dushe, faɗan da ta tanada duk ya tsiyaye. "Mene ne wannan?"

"Yi haƙuri, Mama. Ban san inda zan zubar ba ne. Idan na sa a kwandon shara za ki gani. Ke ai a wurin aiki kike zubar da naki."

Ashe ba a kan aikin take ba da haƙuri ba, a kan ajiyar ne.

"Ina kike samun gwangwanayen?"

"A shara. Ina wankewa sosai da sabulu."

"Me ya sa, Kabewa? Yunwa ba ta damun ki?"

"Tana damu na. Amma idan na sha ruwa na goge haƙori tana tafiya, kamar yadda kike yi." Ta sunkuyar da kai tana murza takalmi a ƙasa. "Ni ma so nake in yi kore. Kuma ba na son a riƙa ce min Kabewa. Ranar nan a gaban madubi kin kama cikinki kin ce dubi wannan ƙazantar. Goggo kuma ta ce jikinki na gado."

Ta ɗaga rigar makarantar ta nuna, wai don a ga ƙoƙarinta. Haƙarƙarinta a jere, ana iya ƙirga su daga inda uwar take zaune. Ta matsi 'yar fatar da ta rage a gefen cibiya ta ce, "Saura wannan."

Kuku ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga kunya, ga haushin kanta. Duk abin da za ta faɗa yarinyar ta riga ta ga akasinsa a ƙarƙashin tebur. Ta tashi ta kwashi jakar gaba ɗaya, ta ɗora nata gwangwanin a sama a gaban idon yarinyar, ta ƙulle a babbar leda ta kai bola. Ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta sake wankewa, ta shiga kicin ta ɗora taliya, ta soya ƙwai da albasa da tumatir. Ta zuba faranti biyu daidai wa daida, ta yaye mayafin teburin ta jefar gefe, ta yadda babu cinyar da za ta ɓuya.

Kabewa ta zauna tana kallon farantin, ta kalli uwar.

"Ke fara," ta ce.

Kuku ta naɗo taliya a cokali ta kai baki. Girkin ya yi, harshenta ya shaida, amma warin jakar yana nan maƙale a hancinta, taliyar kuma sai ta riƙa yi mata kama da abin da ta gani yana motsi a gwangwani. Ta tauna, ta tauna, lomar ta zama ruwa, maƙogwaron ya ƙi buɗewa. Ya saba da a kawo masa abu bakin ƙofa a mayar. Yarinyar ba fuskarta take kallo ba, wuyanta take kallo. Kuku ta runtse ido ta haɗiye, ta ji lomar tana sauka a hankali kamar dutse.

"Buɗe baki in gani."

Ta buɗe.

"Ɗaga harshe."

Haka Kuku take yi wa yarinyar idan ta ba ta ƙwayar magani. Ta ɗaga harshen, hawaye yana bin kumatunta, 'yarta ta leƙa ciki sosai ta duba lungu da saƙo, sannan ta koma ta zauna.

Wayar da ke gefen faranti ta yi ƙara. Kyaftin ce, tana cewa tauraruwarmu shiru yau, a turo mana kore mu sha kallo. Kabewa ta karanta daga inda take, ta iya karatu sarai.

"Mama, idan kin cinye za ta yi ja?"

"Ko na cinye na ƙara, ba zan kai inda likita ta ce in kai ba. Ban taɓa kaiwa ba, ko sau ɗaya. Ni ce ban ji magana ba." Ta kife wayar. "Saura ke."

Yarinyar ta ɗebi kaɗan a bakin cokali. Ta daɗe tana taunawa, ta tura lomar gefen kumatu ta ajiye, ta dawo da ita. Uwar ita ma yanzu wuyan take kallo, ɗan siririn wuyan nan da jijiya ta fito a gefensa. Can ya motsa. Kabewa ta buɗe baki da kanta ta ɗaga harshe, babu komai.

"Ke kuma," ta ce.

Haka suka yi ta yi, loma ɗaya nan loma ɗaya can, taliya ta huce ta sandare ba su kai rabi ba. Wayar tana ta ƙara a kife, babu wanda ya kula ta. Wajen tsakiyar faranti Kuku ta ga yarinyar ta kai loma, ta tauna, sai hannunta na hagu ya sulale ƙasa yana lalube a kan cinya, inda babu komai. Ba da saninta ba ne, hannun ne ya saba. Kuku ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji nata hannun a cikin aljihun rigar girki, yana laluben abu ɗaya.

Ta zaro hannun ta ɗora a kan tebur, ta buɗe tafin. Kabewa ta kalli hannun, ta kalli nata, ta ɗago shi a hankali ta sa a ciki. Duka biyun sanyi ƙalau. Uwar ta damƙe, kowacce da lomarta a baki, kowacce tana kallon wuyan 'yar'uwarta tana jira.